Babi na Biyar: Hanyar Zama Masanin Halayyar Ɗan Adam a Nijar

Wa ya ba shi izini? Tambayar da mutanen Magarya da Dungas kan yi ke nan idan aka nuna musu wani ma'aikaci a asibiti wanda ba ya yin allura, ba ya rubuta magani, aikinsa kawai ya zauna da mara lafiya ya saurare shi su tattauna. Likita an san shi, majo an san shi, ungozoma kuwa kowane gida ya san amfaninta. Amma wannan da ake kira masanin halayyar ɗan Adam, ko sikolog a bakin ma'aikatan asibiti, me ya karanta, shekara nawa ya yi yana karatun, kuma wace hukuma ce ta tabbatar da cewa ya iya? Iyayen da ɗansu ko ƴarsu ta ci jarrabawar bak ta ce wannan fanni take so, su ma tambayarsu ke nan: ina hanyar take, kuma ina take kaiwa?

Aikinsa da iyakarsa

Masanin halayyar ɗan Adam mutum ne da ya yi karatu mai zurfi a kan yadda mutum ke tunani, yadda yake ji a ransa, yadda yake koyo, da dalilan da ke sa ya aikata abin da yake aikatawa tun daga ƙuruciya har tsufa. Wanda ya ƙware a ɓangaren asibiti yana duba masu fama da matsananciyar damuwa, da masu razanar da ta ƙi barinsu bayan wani bala'i, da waɗanda shan ƙwaya ya kama, da yaran da girmansu ko karatunsu ya samu tangarɗa. Kayan aikinsa su ne tattaunawa mai tsari, da lura, da gwaje-gwajen auna fahimta da hali, da hanyoyin jinya ta magana waɗanda bincike ya nuna suna aiki.

Ana yawan haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, alhali hanyarsu daban. Likitan ƙwaƙwalwa ya fara zama cikakken likita tukuna, sannan ya ƙara wasu shekaru, galibi huɗu a tsarin ƙasashen da ke aiki da Faransanci, yana ƙwarewa a kan cututtukan taɓin hankali. Shi ke da ikon rubuta magani da kwantar da mara lafiya. Akwai kuma ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda a Nijar su ne ke riƙe da yawancin aikin a asibitocin da ke wajen Yamai. Sai ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu bin halin iyali da marayu da marasa galihu. Masanin halayyar ɗan Adam yana aiki kafaɗa da kafaɗa da waɗannan duka, amma a Nijar da Nijeriya rubuta magani ba huruminsa ba ne. Idan ya ga alamar farfaɗiya, ko hauka mai tsanani, ko mutum na neman hallaka kansa, wajibinsa ne ya miƙa shi ga likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Me ya sa sai da izini

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa sana'ar da ta shafi jikin mutum ba a shiga ta da ka. Yaron wanzami yakan yi shekaru yana riƙe zabira, yana wasa aska, yana kallon yadda ubangidansa ke yin ƙaho da cire belu, kafin a bar shi ya taɓa kan wani. Ko bayan ya iya, akwai Sarkin Aska a sama da shi wanda zai tsawata idan ya yi ɓarna. Abubuwa uku ne a cikin wannan tsari: koyo, gwaji a gaban gwani, da hukumar da ke iya hana mutum aiki. Su ne kuma ginshiƙan izinin aiki na zamani a ko'ina cikin duniya.

Buƙatar ta fi tsanani a wannan fanni saboda ɓarnarsa ba ta fitowa a fili. Wanda ya zo wurin masanin halayyar ɗan Adam ya zo ne a lokacin rauninsa, yana faɗin abin da bai taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba. Mai ƙaramin sani zai iya tona masa ciwon da ba zai iya rufewa ba, ko ya ɗauki cutar da ke buƙatar magani a matsayin damuwa ta yau da kullum har lokaci ya ƙure, ko ya laƙaba wa yaro mai lafiya sunan daƙiƙi saboda gwajin da bai iya fassarawa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a nan mara lafiya ne ke shan ƙuƙumin. Don haka manufar izini ita ce kare mara lafiya. Martabar da ma'aikaci ke samu daga gare shi tana biyo baya.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara abin

Fannin kansa bai tsufa sosai ba. A shekarar 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin bincike na farko na wannan fanni a birnin Leipzig na Jamus, a 1905 kuma Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin auna fahimtar yara a Faransa. Dokokin da ke tantance masu aikin sun zo daga baya.

A Amurka kowace jiha ce ke da hukumarta. Jihar Connecticut ce ta fara yin doka a 1945, kuma zuwa 1977 dukkan jihohin sun bi sahu. Yawancinsu suna neman digirin dakta, da dubban sa'o'i na aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da cin wata jarrabawa ta bai-ɗaya. Jihar Kalifoniya, alal misali, tana neman sa'o'i 3,000. Lasisin jiha ɗaya ba ya isa a buɗe ofis a wata jihar sai an cika sharuɗɗanta. A Ingila, tun 2009 wata majalisa ta musamman mai kula da ma'aikatan lafiya ce ke riƙe da rajistar masu wannan aiki.

Tsarin da ya fi shafar Nijar shi ne na Faransa, domin daga can aka ɗauko fasalin makarantu da na aikin gwamnati. Dokar ranar 25 ga Yuli, 1985, tare da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, ta hana kowa kiran kansa masanin halayyar ɗan Adam sai wanda ya yi lisans da masta duka biyu a fannin, wato shekara biyar bayan bak, tare da horon aiki na aƙalla sa'o'i 500, sannan ya yi rajista da hukumomin lafiya. Wanda ya ɗauki sunan ba tare da cika waɗannan sharuɗɗa ba ya aikata laifi a gaban shari'a. Wannan ma'auni na shekara biyar shi ne ya bazu a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, kuma shi ne masu ɗaukar ma'aikata a Nijar kan duba idan suna neman wanda zai riƙe marasa lafiya da kansa.

Daga firamare zuwa bak

Ga yaron da aka haifa a Bande, ko Waca, ko Yekuwa, ko Dogo-Dogo, ko Malawa, hanyar tana farawa ne daga ajin farko. Shekara shida a firamare, shekara huɗu a kolej har ya ci jarrabawar BEPC, sannan shekara uku a lise har ya ci bak. Shekara 13 ke nan idan bai maimaita aji ba. Takardar bak ita ce mabuɗin jami'a, kuma babu wata gajeriyar hanya da ke tsallake ta.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan fanni a matsayin na ƴan ajin adabi kaɗai. Gaskiya ne cewa yana buƙatar mai son karatu da iya rubutu, amma yana ƙunshe da lissafin ƙididdiga da ilimin halittu fiye da yadda ake zato. Ɗalibin da ya yi watsi da lissafi a lise zai sha wuya a shekarar farko ta jami'a, wanda ya fito daga ajin kimiyya kuwa yana da abin da zai dogara da shi.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ke tare wa yaran karkara hanya: takardar haihuwa. Wanda ba a yi masa ita da wuri ba sai ya bi ta kotu a ba shi takardar hukuncin da ke maye gurbinta. Ya kamata iyaye su tabbatar da cewa sunan yaro da shekarar haihuwarsa iri ɗaya ne a kan kowace takarda tun daga firamare, domin bambancin harafi ɗaya na iya tsayar da fayil ɗinsa bayan shekaru goma sha biyar.

Lisans da masta

Babbar cibiyar wannan karatu a Nijar ita ce Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda tushenta ya faro a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan da take ɗauke da shi a 1992. Sashen ilimin halayyar ɗan Adam yana cikin tsangayar adabi da ilimin zamantakewa. Ɗalibin da ya fito daga Magarya ko Dungas yana da tafiyar kusan kilomita dubu a gabansa, da batun masauki da abinci, don haka neman tallafin hukumar ANAB mai ba da kuɗin karatu yana cikin abubuwan da ake shiryawa tun kafin sakamakon bak ya fito.

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin matakai uku: lisans shekara uku, masta shekara biyu, dakta aƙalla shekara uku. A matakin lisans ana shimfiɗa tushe ne. Ɗalibi yana koyon yadda yaro ke girma a jiki da hankali, yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki, yadda tunawa da mantuwa da koyo ke faruwa, yadda jama'a ke tasiri a kan mutum, da siffofin cututtukan hankali. Yana kuma koyon hanyoyin bincike da ƙididdiga, waɗanda su ne ke ba shi damar rarrabe abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Mai lisans ya san fannin, yana iya aiki a ƙarƙashin wani, yana iya taimakawa a shirye-shiryen kula da yara ko wayar da kai. Riƙe mara lafiya shi kaɗai kuwa bai kai gare shi ba tukuna.

A matakin masta ne ake zaɓar reshe. Akwai reshen asibiti, da reshen makaranta da tarbiyya, da reshen ma'aikata da wuraren aiki, da reshen zamantakewa. Kowanne da inda yake kaiwa, kuma takardar wani reshe ba ta ba mutum ikon yin aikin wani. Wanda ya ƙware a kan zaɓen ma'aikata da tsarin ofis bai koyi jinyar macen da ta rasa ƴaƴa biyu a damina ɗaya ba. A ƙarshen masta ɗalibi yana rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban kwamitin malamai. Mai neman ƙarin gurbi a waje yana iya duba jami'o'in Wagadugu, Lome da Abijan, waɗanda duk suna da sassan wannan fanni kuma tsarin karatunsu ɗaya ne da na Yamai.

Idan aka haɗa lissafi, shekara 18 ke nan daga ajin farko zuwa masta. Digirin dakta na masu son koyarwa a jami'a ne da masu zurfafa bincike.

Koyon aiki a gaban gwani

Littafi yana bayyana alamomin cuta, amma ba ya koya wa mutum yadda zai zauna da wanda ya yi shiru na rabin sa'a, ko yadda zai yi wa dattijo tambaya a kan abin kunya ba tare da ya ci masa fuska ba. Wannan sai a wurin horon aiki, wanda ɗalibai ke kira sitaj. Ɗalibi yana fara zama a gefe yana kallo, sannan ya karɓi mara lafiya a gaban malaminsa, daga baya ya karɓa shi kaɗai ya dawo ya ba da rahoto a gyara masa.

Wuraren da suka fi dacewa su ne inda ake da ƙwararrun da za su sa ido. Sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E, shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Babban Asibitin Damagaram ma yana da nasa sashen, kuma shi ne mafi kusa da mutanen Magarya da Dungas. Cibiyoyin kula da uwa da yaro, da wuraren jinyar masu yoyon fitsari, da gidajen kaso, da ƙungiyoyin agaji, duk wurare ne da ake koyon wani ɓangare na aikin.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne shaida. Kowane horo ya ƙare da takarda mai ɗauke da sunan wurin, da tsawon lokacin, da irin aikin da aka yi, da sa hannun wanda ya kula da shi. Wannan takarda ce za ta yi masa magana a gaban mai ɗaukar aiki, musamman idan wata rana ya nemi aiki a ƙasar da ke ƙidaya sa'o'in horo.

Ƙofofin aiki da takardunsu

Bayan karatu, ƙofofi uku ne a gaban mutum, kowace da mai gadinta.

Ta farko ita ce aikin gwamnati. Masu takardun jami'a kan fara da hidimar ƙasa, inda ake tura su ma'aikatu da makarantu da asibitoci. Shiga cikakken aiki kuwa yana bi ta gasar ɗaukar ma'aikata, wato konkur, ko ta wata sanarwar ɗauka daga gwamnati. Fayil ɗin yakan ƙunshi takardar haihuwa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna cewa ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba wadda ba ta wuce wata uku ba, da takardar gwajin lafiya, da kwafin takardun karatu da hukuma ta buga wa hatimi. Wanda aka ɗauka yana samun lambar ma'aikaci, kuma matakin takardarsa ne ke yanke rukuninsa da albashinsa.

Ta biyu ita ce ƙungiyoyin agaji. Tun bayan hare-haren da suka fara a Diffa a watan Fabrairun 2015, da kwararowar ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi a 2019, buƙatar masu wannan ilimi ta ƙaru ƙwarai. A nan ne kuma ruɗani ya fi yawa. Ƙungiyoyi suna horar da matasa na ƴan kwanaki ko makonni a kan taimakon farko ga wanda ya razana: yadda za a saurare shi, a kwantar masa da hankali, a haɗa shi da inda zai samu taimako. Aiki ne mai daraja, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙarfafa shi, kamar yadda shirinta na mhGAP da ta ƙaddamar a 2008 ke horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane cututtukan hankali da wuri. Sai dai takardar halartar horo ba digiri ba ce. Mai irin wannan takarda mataimaki ne, kuma amincinsa yana cikin sanin lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina.

Ta uku ita ce zaman kai. Tun 1998 Nijar take da dokar da ta tsara aikin lafiya mai zaman kansa, kuma duk wanda zai buɗe wurin karɓar marasa lafiya sai ya nemi izinin ma'aikatar kiwon lafiya. Rataya allo a ƙofar shago ba ya wadatarwa. Amfani da takardar shaidar jabu kuwa laifi ne da dokar hukunta laifuka ta tanadar wa hukunci.

Wanda ya yi karatu a ƙetaren iyaka

Magarya da Dungas suna bakin iyakar Nijeriya ne. Daga Magarya a bi ta Tinkim a faɗa Babban Mutum, daga Dungas kuma kasuwar Maigatari ba nisa. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, don haka ba abin mamaki ba ne yaro ya yi karatunsa a Nijeriya. A can digirin farko shekara huɗu ne. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan fanni a 1964, a Arewa kuma sashen Jami'ar Jos ya yi suna. Mai son aikin asibiti sai ya ƙara digiri na biyu a reshen asibiti tare da horo a wurare irin su asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Nijeriya ta kuma sabunta dokarta ta lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Takardar da aka samo a waje ba ta aiki kai tsaye a ma'aikatun Nijar. Sai an kai ta ma'aikatar ilimi mai zurfi an daidaita ta da matakan gida, a ga ko daidai take da lisans ko da masta. Tsakanin ƙasashen da ke aiki da Faransanci abin ya fi sauƙi saboda majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a Yamai a 1968, cibiyarta kuma tana Wagadugu. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne tantance takardun jami'o'i domin a amince da su a ƙasashen da ke cikinta. Kafin uba ya sayar da sa ko buhunan gyaɗa ya biya kuɗin wata makaranta mai zaman kanta, a gida ko a waje, ya kamata ya tabbatar da cewa hukumar ƙasar ta amince da makarantar da kuma ainihin kwas ɗin. A Nijeriya hukumar NUC ce ke wannan tantancewa. An ga ɗalibai da dama da suka ƙare karatu sannan suka tarar takardarsu ba ta shiga ko'ina.

Amanar da ke bayan takarda

Takarda tana buɗe ƙofa, amma akwai ƙa'idojin da ke riƙe mutum a cikin aikin. Ta farko ita ce rufin asiri. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin ganawa na iya kashe aure ko ta hana yarinya miji. Dokar ƙasa ma ta ɗauki tona asirin mara lafiya a matsayin laifi. Inda kawai ake karya wannan ƙa'ida shi ne idan rai na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko shari'a ta buƙata.

Ta biyu ita ce yardar mara lafiya. Yana da haƙƙin a bayyana masa abin da za a yi da harshen da yake ji, kuma yana da haƙƙin ya ƙi. Ta uku, kada ma'aikaci ya haɗa jinya da wata hulɗa ta neman aure, ko ciniki, ko bashi. Ta huɗu, ya tsaya a kan abin da ya koya, ya kuma ci gaba da karatu, domin ilimin yana sabuntuwa.

Akwai ta biyar da ta shafi wuri irin wannan. Yawancin iyalai suna fara kai mara lafiya wurin malami a yi masa addu'a da ruƙiyya, wasu kuma wurin masu maganin gargajiya. Ƙwararren da ya raina wannan ya rasa amincewar iyali tun a zaman farko. Likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka a Aro kusa da Abekuta, inda daga 1954 ya riƙa saukar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, Henri Collomb ma ya bi irin wannan tafarki a asibitin Fann na Dakar. Girmama aƙidar mutane wajibi ne. Yin shiru a kan ɗaure mara lafiya da mari, ko dukansa, ko hana shi abinci kuwa cin amanar aiki ne.

Buƙatar Magarya da Dungas

A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum sama da 570,000, Dungas kuma, wadda aka cire daga cikinta a 2011, tana da sama da 350,000. Yanki ne da ke cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a nahiyar Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na kowane iri ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin duniya 13 ne. Ko da gundumomin biyu sun samu rabonsu daidai da wannan ma'auni na Afirka, mutum 15 ne kacal za su kula da jama'ar da ta doshi miliyan tun a wancan lokaci.

Aikin kuwa yana nan jibge. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya a 2005, kuma sashen yara na asibitin gundumar yakan cika maƙil a kowace damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa. A watan Satumban 2018 yaran da ke kwance a wurin sun haura 700. Ƙa'idojin jinyar tamowa mai tsanani sun tanadi cewa bayan madara da magani, yaro yana buƙatar wasa da motsa hankali da kulawar uwa domin ƙwaƙwalwarsa ta farfaɗo, uwar da damuwa ta danne kuwa ba ta iya ba shi wannan. Ga matasan da tramol ya kama, ga matan da suka dawo daga Aljeriya da ƴaƴansu bayan wahalar hamada, ga ƴan matan da aka aurar da wuri suka gamu da yoyon fitsari, ga ɗaliban da ake kora daga makaranta ba tare da an binciki abin da ya hana su fahimta ba.

Duk wannan aiki da magana ake yin sa, kuma magana tana da harshe. Jinyar da ta bi ta bakin tafinta tana rasa rabin ƙarfinta da dukkan sirrinta. Wanda ya tashi a yankin ya san abin da mace ke nufi idan ta ce zuciyarta ta tsinke, ya san wanda ake fara gaisarwa a gida da wanda ke yanke shawara. Da ɗan gari akan ci gari. Karatu na Faransanci ne ko Ingilishi, amma aikin a Magarya da Dungas da Hausa ake yin sa, wani lokaci da Fulatanci ko Barbarci, don haka ƴaƴan yankin, maza da mata, su suka fi cancanta su bi wannan doguwar hanya. Matan ma sun fi zama dole, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Abin da jama'a ke da haƙƙin tambaya

Sharuɗɗan a taƙaice su ne bak, lisans da masta a fannin, horon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, takardun da hukuma ta amince da su, da izinin ma'aikatar kiwon lafiya ga mai son zaman kansa. Duk wanda aka kai masa mara lafiya ana iya tambayarsa inda ya yi karatu, matakin da ya kai, reshen da ya ƙware, da wanda yake aiki a ƙarƙashinsa. Ƙwararre na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, wanda ya fusata da su kuwa ya ba da amsa.

Sanin wanda ya cancanta rabin magana ne. Sauran rabin shi ne yadda mara lafiya zai isa gare shi. Babi na gaba zai bi wannan hanya daki-daki, daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa cibiyar lafiya ta CSI, zuwa asibitin gunduma, har Babban Asibitin Damagaram, tare da bayanin abin da ake iya yi wa mai ciwon hankali a kowane mataki da alamomin da ke nuna cewa lokacin tura shi gaba ya yi.